Ɗigo Biyun da Na Share

Litinin, 7 ga Oktoba, 7:20 na safe

Ƙorafi uku suka shigo shafin manhajarmu ta Harfaini tun jiya. Biyu irin na kullum ne: wani a Rabat yana so mu rubuta masa abin da zai iya rubuta wa kansa cikin minti goma, ɗayan kuma bai karanta bayani ba. Na ukun shi ne mai lamba 612. Wata mai suna Durra ce ta rubuto, ma'aikaciya a wani ɗakin gwajin jini da ke Kabis. Tana tambaya ko da gangan ne manhajarmu take ɗaukar sunaye biyu mabambanta a matsayin suna ɗaya. Ta ce maganar babba ce, tana so ta yi ta da mutum a waya, ba a shafi ba.

Kowa tasa maganar babba ce. Na sa masa alamar za a duba, na tafi aiki.

Litinin, 1:15 na rana

Na sake karanta 612 a wurin cin abinci. Na ga sunayen da ta kawo misali da su. Na bar lablabina, faten waken da na saya, ya huce a kwano.

Talata, 8 ga Oktoba, bayan la'asar

Mun yi waya da Durra, minti arba'in. Muryarta a kwance take, irin ta wadda ta riga ta maimaita labari sau da yawa. Ni ce na riƙa cewa "na'am, na'am" kamar yarinya a gaban shugabar makaranta.

Ba zan rubuta abin da ta faɗa ba yau.

Laraba, 9 ga Oktoba, 6:40 na safe

Munji ya tarar da ni a kicin, shayi ya tafasa ya ƙone a tukunya ina tsaye a kansa. Shekara goma sha ɗaya da aurenmu, har yau in abokansa malamai suka tambaye shi aikin matarsa sai ya ce, "Da rana tana kula da shafin masu sayar da man zaitun, da yamma kuma tana yi wa duniya bauta kyauta." Yau bai yi wannan wasan ba. Ya kashe wutar, ya ce in zauna in yi masa bayani kamar ɗalibinsa mafi daƙiƙanci.

Na gaya masa. Harfaini ɗan ƙunshin manhaja ne da ni da Sabir muka fara tun muna jami'a, muka sa shi a fili, duk mai so ya ɗauka ya saka a cikin nasa aikin. Abin da yake yi shi ne daidaita rubutun Larabci, don wanda ya nemi kalma a shafi ya same ta ko da an rubuta ta da wasali ko babu, da hamza ko babu. Shagunan littattafai suna amfani da shi, da jaridu, da makarantu, da wasu dubbai da ban san su ba, don ba a neman izininmu.

A watan Afrilu na yi masa wani gyara. Mutanen Masar ba sa sa ɗigo biyu a ƙarƙashin harafin ya in ya zo ƙarshen kalma, mu kuma muna sa wa, sai bincike ya riƙa faɗuwa, ƙorafi ya yi ta zuwa. Sai na sa manhajar ta share ɗigon nan biyu a ko'ina kafin ta kwatanta kalmomi. Layi huɗu ne.

Na ɗauki biro na rubuta masa a bayan takardar burodi: Husni, da ɗigo biyu. Husna, babu ɗigo. Duk sauran haruffan ɗaya ne.

Ya dubi takardar ya ce, "To, sai me ya faru?"

Na ce masa zan makara.

Laraba, 5:30 na yamma

Tagwaye ne, Husni da Husna. Shekara sittin da bakwai. Uba ɗaya, sunan gida ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, kuma dukansu masu ciwon suga. Duk wata uku sukan je gwajin jini tare. Ranar 26 ga Agusta ma tare suka je. Manhajar da ɗakin gwajin yake aiki da ita, wadda wani kamfani ya gina musu a kan Harfaini, ta ɗauke su mutum ɗaya. Sakamakon da ya fito daga baya ya hau kan na farko. Kowannensu ya koma gida da takarda mai sunansa, amma lambobin da ke ciki duk na namijin ne, kuma nasa lafiya lau suke.

Durra ta ce na matar yana nan a cikin na'urar gwajin, ta gano shi daga baya. Ƙodarta ce. Ta ce duk likitan da ya ga waɗannan lambobin ba zai bar ta ta kwana a gida ba.

Ranar 17 ga Satumba ta rasu.

Na rubuta kenan. Ban sani ba ko ya fi sauƙi.

Alhamis, 10 ga Oktoba, 12:50 na rana

Na kira Sabir a Liyon lokacin hutunsa na rana. Ya ɗauka da dariya, "Shugaba da kanta! Wa ya mutu?" Haka yake ce mini duk lokacin da na kira maimakon in rubuta. Na ce masa yau ba wasa ba ne. Sai na ji ya tashi daga cikin mutane, ƙofa ta rufe.

Ya saurara har ƙarshe. Abin da ya fara faɗa shi ne wane mahaukaci ne zai tantance majiyyaci da manhajar bincike, ba lambar katin ɗan ƙasa, ba ko duba namiji ne ko mace. Ya zagi kamfanin, ya zagi wanda ya ba su aikin. Ya ce lasisinmu ya faɗa da manyan baƙaƙe cewa babu lamuni, duk wanda ya ɗauka ya ɗauka a kan kansa. Ya ce in gyara, in fitar da sabuwar siga yau, kada in rubuta komai a shafin da zai yi kama da amsa laifi.

Duk gaskiya ya faɗa. Kuma duk tsawon wayar bai ambaci Afrilu ba. Ni ma ban ambata ba.

Alhamis, 6:10 na yamma

Na mayar da layukan huɗu yadda suke a da. Na fitar da siga ta 4.2.1. A wurin bayani na rubuta: "Gyaran wani ƙaramin kuskure wajen kwatanta haruffa."

Mutum biyu sun sa mini alamar yabo.

Juma'a, 11 ga Oktoba, 7:00 na safe

Sigar da ke da kuskuren an sauke ta sau dubu ɗari biyu da sha ɗaya tun Afrilu. Sabuwar, sau ɗari tara.

Asabar, 12 ga Oktoba, da hantsi

Mun je kasuwar kifi ni da Munji. Mai kifin da muka saba da shi ya ce na rame, ko malam ya daina ciyar da ni ne. Munji ya ce ai shi ake ciyarwa, shi ya sa. Aka yi dariya, ni ma na yi. A layin masu kayan miya na ga wata tsohuwa da wani tsoho suna gardama a kan barkono, yana cewa ya yi mata yawa, tana cewa cikinsa ne ko nata. Na tsaya ina kallonsu har Munji ya ja hannuna.

Ban san kamannin marigayiyar ba. Ban tambaya ba.

Litinin, 14 ga Oktoba, 1:30 na rana

Imel daga kamfanin da ya gina manhajar ɗakin gwajin. Ladabi kamar takardar gayyatar biki. Suna godiya da gyaran da muka yi cikin gaggawa, suna roƙon mu cire ƙorafi na 612 daga shafi saboda yana ɗauke da bayanan majiyyata, kuma ma'aikaciyar da ta rubuta shi ba ta da izinin yin haka. Ba su ce komai game da matar ba.

Sunayen farko kawai Durra ta sa, ba sunan gida, ba sunan wurin aikinta. Na duba sau uku.

Talata, 15 ga Oktoba, 7:10 na safe

Dubu ɗari biyu da sha huɗu. Har yanzu ana sauke tsohuwar sigar, don mutane suna ɗaure aikinsu a kan sigar da suka saba, ba sa sabuntawa sai an tsoratar da su. Ƙaramin kuskure ba ya tsorata kowa.

Talata, bayan la'asar

An dakatar da Durra daga aiki. Ba ita ta gaya mini ba, sai da na kira in tambaye ta wani abu na ji hayaniyar gida a bayanta da rana tsaka. Ta ce shugabansu ya ce ta fitar da sirrin aiki. Ta ce sun riga sun gaya wa iyalin cewa kuskuren kwamfuta ne, kuma likitan asibiti ya ce ba wanda zai iya rantsuwa cewa da an kama ciwon a Agusta za ta tashi, jikin ya riga ya yi nisa.

Na kama wannan maganar kamar igiya. Na sa ta maimaita mini. Ta maimaita, sannan ta ce, "Haka ya ce, Madam Widad. Ba wanda zai rantse za ta tashi. Ba kuma wanda zai rantse ba za ta tashi ba."

Shekararta ashirin da tara. Ita ce ta zuƙi jinin da hannunta a ranar. Ta ce tsohuwar ta yi mata tsiya cewa hannunta ya fi na abokin aikinta mai gemu sauƙi, Allah ya ba ta miji mai haƙuri.

Laraba, 16 ga Oktoba, 8:00 na safe

Ban je aiki ba. Na ce musu kaina ke ciwo.

Laraba, 11:25 na safe

Na buɗe shafin gyaran Afrilu. Kwana tara ina zagaye shi.

Yana nan yadda na san yana nan. A ƙarƙashin layukan huɗu, Sabir ya rubuta ranar 9 ga Afrilu: "Widad, dakata tukuna. Sunayen mutane fa? Yusri da Yusra za su zama ɗaya. A bar shi a kashe, mai so ya kunna da kansa." A ƙasa kuma amsata, bayan minti shida: "Ba wanda zai tantance mutum da wannan. Wata uku ina jiranka. Na shigar."

Minti shida. Na tuna ranar sarai. Haushinsa nake ji. Matarsa ta haihu a Janairu, ya ɓace, ya bar ni da ƙorafi sama da tamanin, sai ranar da na gama aikin ya leƙo da layi biyu ya ce in dakata. Na san yana da gaskiya tun ina karantawa. Wannan ne ban gaya wa Munji ba, ban gaya wa Durra ba. Na san yana da gaskiya, na danna.

Alhamis, 17 ga Oktoba, 12:45 na rana

Sabir ne ya kira. Babu wasa yau. Ya yi ta kewaye-kewaye, jaririya ta fara haƙori, sanyi ya shigo, sannan ya ce ya ga imel ɗin kamfanin, kuma yana ganin in abin ya kai ga lauyoyi za su tono komai.

Ya ce, "Maganar nan da na rubuta a Afrilu. Tawa ce, ina da ikon goge ta. In na goge tawa, ki goge taki, shi ke nan. Ba wanda ya kula da ita."

Na ce masa ka tuna da ita kenan.

Ya ce, "Tun ranar da kika kira. 'Yar'uwa, ba don kaina nake faɗa ba. Ni maganar wanke ni take yi. Ke nake ji."

Na san haka. Shekara goma sha bakwai da sanin Sabir, bai taɓa cin nasara a gardama ya ji daɗinta ba. Na ce ya ba ni lokaci.

Juma'a, 18 ga Oktoba, 7:05 na safe

Dubu ɗari biyu da sha bakwai.

Juma'a, 4:00 na yamma

Na buɗe shafin. Na rufe.

Asabar, 19 ga Oktoba, 3:20 na yamma

Na nuna wa Munji. Na juya masa allon na ce ya karanta da kansa, ga ta Sabir, ga tawa. Ya sa tabarau ya karanta a hankali kamar yana duba jarrabawa. Na jira ya ce ai kowa yana kuskure, ko ya ce laifin kamfanin ne. Na shirya faɗan da zan yi masa in ya faɗi haka.

Bai faɗa ba. Ya cire tabarau ya tambaye ni wurare nawa ne irin ɗakin gwajin nan suke aiki da tsohuwar sigar yanzu haka. Na ce ban sani ba. Ya ce za a iya sani? Na ce waɗanda aikinsu yake a fili za a iya, sun kai ɗari uku da wani abu, sauran kuma sai dai in sun ji labari. Ya ce da wane bayani za su ji labarin, da ƙaramin kuskure?

Na tashi na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Ban yi masa magana ba har magariba. Ya dafa taliya ta yi ruwa, ya ajiye mini a bakin ƙofa kamar mai jinya.

Lahadi, 20 ga Oktoba, 9:30 na safe

Na rubuta wa Sabir: kada ka goge.

Lahadi, 2:00 na rana

Na sauya bayanin sigar. Na rubuta shi da Larabci da Faransanci da Ingilishi, na manna a saman shafi. Na ce sigar Afrilu tana haɗa sunayen mutane mabambanta, na kawo misalai. Na ce duk wanda yake amfani da ita a asibiti ko makaranta ko kotu ko duk inda ake ajiye fayil ɗin mutane ya tsaya ya duba yau. Na ce an riga an samu inda abin ya kai ga cutarwar da ba ta gyaruwa. Na ce an gargaɗe ni kafin in shigar da gyaran, ban saurara ba, ga mahaɗin da zai kai ku wurin. Na sa sunana ni kaɗai.

Na amsa wa kamfanin cewa 612 zai zauna inda yake.

Sabir ya aiko da kalma ɗaya: "Mahaukaciya." Bayan awa ɗaya ya aiko da jerin ayyukan nan ɗari uku da sha biyu, ya tsara su, waɗanda suka yi kama da na lafiya a sama.

Talata, 22 ga Oktoba, 1:10 na rana

Labarin ya bazu. Wani ya rubuta cewa irinmu ne muke ɓata sunan manhajar kyauta. Wani ya ce mace ce, me ake jira. Wani ya ce jaruma ce ni, wannan ya fi zagin ciwo. Wani kuma, a ƙarƙashin sanarwar, ya tambaya yaushe za mu ƙara masa rubutun Farisanci.

Manajan wurin aikina ya kira ni ofis. Ya ce shi bai fahimci abin ba, amma ɗan'uwansa ya turo masa, kuma ba ya so sunan kamfani ya shiga. Na ce ba zai shiga ba. Ya ce in ɗauki hutun mako guda. Bai tambaye ni ko ina so ba.

Laraba, 23 ga Oktoba, da safe

Ban duba adadin masu sauke tsohuwar sigar ba yau.

Alhamis, 24 ga Oktoba, 5:45 na yamma

Na roƙi Durra ta kai ni wurin ɗan'uwan marigayiyar. Ta tambaye ni me zan je yi. Na ce ban sani ba. Ta ce in dai yafiya zan je nema don in samu barci, gara in zauna a gida a Safakis, tsohon yana da abin da ya ishe shi. Na ce ba na jin ita ce. Ta ce ita tana zuwa duk Asabar, tun da ta kai masa sakamakon na gaskiya da hannunta. Ta ce in zo, amma in ya ce in fita, in fita.

Munji ya ce zai raka ni. Na ce a'a.

Asabar, 26 ga Oktoba, 6:30 na yamma

Na dawo.

Awa biyu a motar haya. Durra ta tare ni a tasha, gajeriya ce, ba yadda na zata ba. Gidan yana bayan gari, cikin gonakin rumman. Ashe gobe ne sadakar arba'in, ba ta gaya mini ba. Tsakar gidan cike da mata suna murza kuskus a manyan akusa, suka amsa sallamarmu suna dubana, ba wadda ta san ni. Na so in juya.

Si Husni, wato Malam Husni, yana zaune a bayan gida a kan kujerar roba, yana ɓare rumman a cikin kwano. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, dogo, hannuwansa manya. Matarsa ta rasu da daɗewa, mijin 'yar'uwarsa ma haka, shekara goma sha huɗu su biyu suke zaune a gidan. Durra ta ce masa ga matar da ta ba shi labari, mai manhajar. Ya ce in zauna. Ya aika a kawo shayi.

Na shirya magana a mota, duk ta zube. Na gaya masa yadda ta zo. Na ce ni na rubuta abin da ya haɗa sunansa da nata. Na ce abokin aikina ya ce in dakata, ya ma faɗi abin da zai iya faruwa, na ƙi saboda ina jin haushinsa. Ban ambaci kamfanin ba, ban ambaci lasisi ba. Ya ci gaba da ɓare rummansa, bai dube ni ba. Da na gama ya tambaye ni ko na san Husna. Na ce a'a. Ya tambaya ko na taɓa zuwa Kabis. Na ce sau ɗaya, ina yarinya. Ya girgiza kai kamar wannan ne abin da ya fi ba shi mamaki.

Shayi ya zo. Ya sha nasa. Sannan ya ce:

"Ta gaya mini, 'yata. Tun farkon Satumba take cewa ƙafafunta sun kumbura, bakinta yana ɗanɗanon ƙarfe, ba ta son abinci. Ta ce in kai ta likita. Na ce mata ke dai kin cika raki, tun muna ciki kike ƙorafi. Na ɗauko takardar a kan firiji na karanta mata. Na ce ga shi nan, kin fi ni lafiya. Sau uku tana faɗa, sau uku ina ɗauko takardar."

Durra ta ce, "Baba, mun yi maganar nan."

Ya ce, "Mun yi." Ya juyo ya dube ni, karo na farko. "Ke ba ki gan ta ba. Ni ina kallon ƙafafun."

Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba, ni ma ban tambaya ba. Mun zauna har aka kira la'asar. Da zai tashi ya tambaye ni ko akwai wasu irinsu, masu suna kusa da juna, a wasu wuraren. Na ce akwai yiwuwar haka. Ya ce to me nake yi a gidansa.

Ba da faɗa ya faɗa ba. Ya sa aka zuba mini rumman a leda, matan suka ce sai na tsaya na ci abinci, ya ce a bar ta, tana da aiki.

Lahadi, 27 ga Oktoba, 8:15 na safe

Na fara daga saman jerin Sabir. Ba sanarwa ɗaya ga kowa ba, kowanne da wasiƙarsa, da sunan fayil ɗin da za su buɗe da yadda za su gano waɗanda aka haɗe. Inda na samu lambar waya, ina kira. Sabir ya ɗauki daga ƙasa.

Yau ake sadakar. Na yi mata addu'a da sunanta.

Talata, 29 ga Oktoba, 4:40 na yamma

Wasiƙu talatin da shida na aika. Bakwai sun amsa. Ɗaya ya ce in daina damunsa.

Alhamis, 31 ga Oktoba, 10:00 na safe

Takarda ta zo daga lauyan kamfanin. Munji ya karanta ya ce zai kai wa wani tsohon ɗalibinsa. Na sa ta a ƙarƙashin kwanon sukari. Durra har yanzu tana gida. Ta ce in turo mata wasu daga cikin jerin, ta fi mu sanin yadda ake magana da mutanen asibiti, su ba sa jin yaren masu kwamfuta. Na tura mata ashirin.

Hamsin da takwas.

Asabar, 2 ga Nuwamba, 11:50 na safe

Wani likita ya kira daga wata ƙaramar cibiyar lafiya a kudancin Masar, cikin waɗanda Durra ta bi. Shi da matarsa suke riƙe da wurin, wani ne ya haɗa musu manhajar watannin baya ya tafi. Ya ce sun kwana biyu suna bin fayil ɗaya bayan ɗaya da hannu. Sun samu biyu da aka haɗe, mutum huɗu kenan. Uku sun zo, an sake musu gwaji, ba abin tashin hankali. Ta huɗun wata mata ce daga wani ƙauye a hayin kogi, an ba ta maganin da ba nata ba tun Yuli. Lambar da ta bari ba ta shiga. Ya ce ya aika a tambayo a ƙauyen, in ba a dace ba gobe zai haura da kansa.

Na ce ya kira ni ko me ya tarar. Ya ce in sha Allahu.

Asabar, 5:20 na yamma

Bai kira ba tukuna. Na sa wayar a caji kusa da ni.

Saba'in da ɗaya.